Gidan Ƙashin Ɗanmusa

Idan Allah ya tashi jarraba gari, ba lallai sai ya aiko da fara ko ambaliya ba. Ya isa ya bar mutum guda ya je birni ya dawo da baki. Abin da ya sami Tungar Ango ke nan, wata 'yar kasuwa tsakanin Bagudo da iyakar Dahome, a daminar da ake shirin karɓar mulkin kai.

Mutumin shi ne Ɗanmusa. Shekara biyu ya yi yana ɗaukar wa wasu Turawa masu tonon ƙasa kaya, tun daga ramukan farar ƙasa na gabashin Sakkwato har wani babban birni can Kudu. A birnin ne wata rana ruwan sama ya koro shi, ya faɗa wani dogon gini don ya fake. Ashe gidan ajiye kayan tarihi ne. Ya ga akwatunan gilashi a jere, cikinsu ƙasusuwa baƙaƙe da suka zama dutse, haƙarƙari kamar cikin kwalekwale, haƙori kamar taɓarya, da kan wani kada da jaki zai iya kwana a bakinsa. Mutane masu takalma suna zagayawa a hankali, hannu a baya, ba mai ko tari. A ƙofa ga wani mai kaki da hula, kowa ya shigo sai ya gaishe shi. Ɗanmusa ya leƙa wani ɗaki, ya ga tsohon Bature ya ɗauki guntun dutse ya ɗora a harshe, ya jinjina kai, ya rubuta. Ya tambayi mai shara, mai shara ya ce ai haka ake gane ƙashin da: in ya kama harshe ƙashi ne, in bai kama ba dutse ne.

Iyakar karatunsa ke nan, kuma bai kai tsawon dafuwar shinkafa ba, don ruwa na ɗaukewa mai kakin ya nuna masa hanya. Amma kafin ya iso gida labari ya yi ƙiba. Shi ya koya wa Turawa tono, shi suke kira in ƙashi ya gagara, kuma da zai taho babbansu ya yi kuka.

Abin da ya dawo da shi kuwa bai wuce tsohon kwat guda ba, sai wani ɗan dutse mai murɗe-murɗe, tsawon yatsa, da ya tsinta a bakin wani rami ya jefa aljihu. Ba gona, ba sana'a, yana zaune gidan surukinsa yana cin tuwon matarsa Barira, kuma duk gari ba mai fara gaishe shi. Wannan na ƙarshe shi ke hana shi sakat.

To, a lokacin an yi aikin gayya an gina sabon zaure a bakin kasuwa domin bikin mulkin kai, da alkawarin bayan biki za a ba wani ya riƙa. Kowa ya san wanda ke jira. Maliki ne, tsohon sojan yaƙin Bama, mai sayar da shayi a gindin tsamiya, wanda duk ranar da hadari ya haɗu masu shan shayinsa ke watsewa da kofunansa a hannu.

Ɗanmusa ya sa kwat ya nufi ƙofar Mai gari Atiku, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka shi daɗe, duk ƙasar da anka ba mulkin kai, abu ukku ake tambaya. Tuta, da taken ƙasa, da gidan ƙashi. Tuta ta iso, yara sun koyi waƙa. Ina gidan ƙashinmu?"

Mai gari ya dubi fadawansa. Ba wanda ya taɓa jin wannan sharaɗi, ba kuma wanda ya yarda ya nuna bai ji ba.

"Mutanen Dahome sun riga mu da wata biyu," in ji Ɗanmusa. "In sunka ƙetaro kallon bikinmu sunka iske zaure ba komi ciki sai butar shayi, mi za su je su faɗi?"

Maliki, da ke zaune can gefe, ya ce, "Za su ce sun sha shayi."

"Kai da ka san daji kaɗai, soja. Ana maganar ilimi."

"Ni dai da na tafi, da lambar yabo na dawo. Kai da tsakuwa."

Mai gari ya ɗaga hannu. Ya ce ranar biki Malam Bunyaminu zai zo, ɗan ƙasar nan ne da ke aiki da masu binciken ƙasa, ya san dutse kamar yadda mahauci ya san nama. Ɗanmusa ya shirya kayansa a zaure. In Malam ya sami ko abu guda na gaskiya a ciki, zaure ya zama na Ɗanmusa, har a ɗinka masa kaki. In bai samu ba, a miƙa wa Maliki mabuɗi.

"Guda?" in ji Ɗanmusa. "Ranka shi daɗe, a ce ɗari."

"Guda dai."

Daga ranar karnukan Tungar Ango suka sami abokin takara. Ɗanmusa ya bi juji bayan rumfar mahauta ya kwashe haƙarƙari. Ya ji wani raƙumin fatake ya mutu a hanyar iyaka, ya je ya ɗebo wuya da ƙafafu. Ya gangara bakin Kwara ya roƙi masunta tsohon kan dorina da suke zama a kai suna gyaran koma. A wani kwari bayan ruga ya ci karo da ƙahonni biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a karkace, ya ce arziki ba ya sallama.

Da yake wasu ƙasusuwan da sauran jijiya, sai ya dafa su. A tukunyar Barira.

Ta dawo daga rijiya ta iske maƙwabta sun fito ƙofar gida suna toshe hanci da gefen zane.

"Malam, mi ka sa cikin tukunyata?"

"Tarihi."

"Tarihin nan ya kwana nawa da mutuwa?"

"Shekara dubu sau dubu."

"Ya yi ƙoƙari, don har yanzu ƙuda na gane shi."

"Ke Barira, matan birni da mijinsu ya kawo irin wanga abu guɗa za su yi."

"To kai musu. Ka biya ta kasuwa ka sawo mini tukunya."

Saura a mai da ƙashi dutse, wanda a birni aka ce ƙasa ce ke yi cikin dubban shekaru. Ɗanmusa ba shi da wannan lokacin, yana da kwana tara. Ya kwaɓa laka da toka ya shafe kowane ƙashi, ya shanya, ya turara da hayaƙin kara har suka yi baƙi. Sannan ya rufe kansa a zaure da igiyar kaba da gwafanni. Ya ɗaura kan dorina a wuyan raƙumi, ya jera haƙarƙarin shanu, ya kafa ƙahonni a ka. Da ya gama ƙafafu huɗu sai ya ga guda ta rage. Bai ga dalilin asara ba, ya ɗaura ta a tsakiya. Ɗan dutsen aljihunsa kuma ya ɗora shi a kan faifai, ya kifa kwalbar fitila a kai a madadin gilashi, ya raɗa masa suna ɗan yatsan dodo.

Gidan ilimi ba ya yiwuwa ba allo a ƙofa. Akwai wani mai fenti da ke ƙetarowa daga Dahome ranar kasuwa yana rubuta wa motoci kirari, ana ce masa Mushe Lauwali, domin da haka Faransawa ke kiran kowane namiji, kuma bai taɓa jin haushi ba. Hausarsa ta kasuwa ce, bokonsa na Faransa, inda haruffa ba su da ƙugiya. Ɗanmusa ya faɗa masa abin da zai rubuta, ya rubuta da jan fenti, manya-manya:

GIDAN KASHIN DA. SHIGO KA GANI KA LASA.

"Duba ko da gyara," in ji Mushe.

Ɗanmusa, wanda bai san alif na boko daga sandar makiyayi ba, ya ja da baya, ya kanne ido guda, ya motsa leɓe.

"Ba laifi. Hannunka ya kusa kai na birni."

Aka kafa allo. Maliki ya zo wucewa da butarsa, shi kuwa a soja ya koyi karatu. Ya tsaya. Ya ajiye buta a hankali don kada ta zube. Ya karanta da ƙarfi, harafi harafi, yadda na ƙarshen kasuwa zai ji, ya sake karantawa saboda waɗanda suka makara. Masu awo suka bar mudu, wanzami ya bar kai rabi a aske.

"Ɗanmusa, ashe abin da kake dafawa ke nan. Mun zalunci karnuka da zargi."

"Ƙashi anka rubuta."

"Kashi anka rubuta."

"Ƙashi."

"Ina ƙugiyar?"

"Idonka ne ba shi da ƙugiya. Wanda ya yi karatu a bakin bindiga ina zai ga ƙananan abubuwa."

"To nuna mana ita."

Ɗanmusa ya ɗauko gawayi, ya taka turmi, ya ɗora wata ƙatuwar ƙugiya a kan harafin farko da hannunsa ya kai. A kan G ta sauka. Maliki ya ce yanzu kam an gyara, kashin yana nan lafiya, gidan ne ya karye. Kafin la'asar magana ta kai Kurgu, kafin kasuwa ta gaba ta kai Zagga. Ɗanmusa ya shaƙe mutum biyu a kan harafi guda, ya jefi na uku da takalmi, takalmin ya faɗa kaskon mai ƙosai. Ya rantse a tsakiyar kasuwa cewa duk wanda ya sake furta kalmar nan ba ƙugiya, sai dai a raba su gaban alƙali.

Abin da bai sani ba, babu tallan da ya kai wannan. Ranar biki aka ɗaga tuta, 'yan makaranta suka yi waƙa, aka raba musu kofuna da 'yan tutoci, amma rabin taron idonsu na kan zaure. Har daga ƙetare mutane suka zo a kan jakuna don su ga garin da ya gina wa abin nan ɗaki.

Malam Bunyaminu bai iso da wuri ba, ruwan jiya ya cika wani rafi a hanya. Mai gari ya ce a fara. Ya shiga da Sarkin Kasuwa da Sarkin Pawa da dattawa, jama'a suka danno a baya. Ɗanmusa na ƙofa cikin kwat, kowa ya shigo yana gaishe shi. Ya ji wani sanyin daɗi ya ratsa shi har ƙafa.

"Hannu a baya," yake cewa. "Ba a tari. Haka dokar take."

Ya tsaya gaban dodo da sanda. Ya ce wannan dabba ta rayu tun Kwara tana 'yar ƙorama, tana cin giwa da safe ta sha tafki da rana. Wani ya tambayi amfanin ƙafa ta biyar. Ya ce ta hutawa ce, in huɗu sun gaji. Sarkin Pawa ya daɗe yana kallon haƙarƙarin kamar mai son tuna inda ya san mutum.

Sannan Ɗanmusa ya ɗage kwalbar fitila.

"Ga uban kayan. Ɗan yatsan dodo, na hannun hagu. Kuma ba sai kun yarda da bakina ba, akwai gwaji irin na manyan Turawa."

Ya ɗora a harshe, ya saki hannu. Dutsen ya ɗan manne kafin ya faɗo tafinsa. Taro ya yi guna-guni. Ya goge a kwat ya miƙa wa Mai gari da hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, a birni babba ke fara lasawa."

Mai gari ya dubi mutanen ƙetare da suka zuba masa ido. Ya karɓa, ya lasa.

"Ya kama," ya ce, da mamaki.

Sarkin Kasuwa ya lasa. Sarkin Pawa ya lasa sau biyu, ya ce akwai ɗan gishiri-gishiri. Dattawa bakwai suka bi layi, kowa na tsoron a ce an yi ilimi ba da shi ba. Aka miƙa wa Maliki, ya mai da hannu baya.

"Ni na karanta allon," ya ce.

Ana cikin haka sai wata tsohuwar Bafillatana mai tallan nono, Goggo Batulu, ta kutso da ƙwaryarta. Ba ta kalli faifai ba. Ta tsaya gaban dodo ta ƙura wa karkataccen ƙahon ido, ta sauke ƙwarya.

"Ɓaleye," ta ce a hankali.

"Goggo, hannu a baya."

"Wagga saniyata ce. Ga inda ta karye ƙaho tana maraƙa, ni na ɗaure mata da tsumma."

"Goggo, wanga dabba shekararta dubu sau dubu."

"Shekararta tara. Bara ta ci guba a fadama. Wa ya ba ta wanga mummunan kai?"

"Kama ce. Dabbobin da suna kama da na yanzu."

"Ɗan nan, na san ƙahon Ɓaleye fiye da yadda uwarka ta san fuskarka. Ba ni abina."

Ta kama ƙaho ta ja. Ɗanmusa ya kama ɗaya ƙahon ya ja. Sabon rufi kuwa ya yi yoyo da ruwan jiya, ya jiƙa lakar bayan dodo, sai ga tarihi yana saɓulewa a hannun mutane, farin ƙashi na leƙowa. Warin da aka binne kwana tara ya tashi ya gaida jama'a. Karnukan mahauta, da tun safe suke zagaya zauren kamar masu bin hakkinsu, suka shigo ta tsakanin ƙafafu. Wani ja ya cafki ƙafar hutawa ya yi waje da ita. Ashe ita ke riƙe da komai.

Wuyan raƙumi ya rusuna kamar zai yi gaisuwa. Kan dorina ya sauko ya zauna cikin ƙwaryar nono, nono ya wanke Sarkin Kasuwa daga rawani zuwa takalmi. Haƙarƙari suka watse, Sarkin Pawa ya tsinci guda ya duba.

"Na ce na san shi. Ga saran gatarina."

Daidai nan Malam Bunyaminu ya jingine kekensa a ƙofa, wando a naɗe, laka har gwiwa. Ya gaida Mai gari, aka gaya masa sharaɗi. Ya zagaya tarkacen yana juyawa da ƙafa. Raƙumi, ya ce. Sa. Sa. Dorina. Wannan kuma jaki ne, Allah ya jiƙan mai shi. Maliki ya fara miƙa hannu wajen mabuɗi.

Sai idon Malam ya faɗa kan faifai. Ya ɗauki dutsen, ya fito da shi haske, ya zaro wani ɗan madubi daga aljihu ya duba. Ya daɗe.

"Ina ka sami wannan?"

"Ramukan gabas," in ji Ɗanmusa.

"Ranka ya daɗe, wannan na gaskiya ne. Ya fi duk garuruwan ƙasar nan tsufa. Tun wurin nan yana ƙarƙashin ruwa."

Ɗanmusa ya miƙe. Ya kakkaɓe kwat, ya dubi Maliki daga sama har ƙasa.

"Ku faɗa wa soja. Yatsan hagu ne ko na dama, Malam? Ni na ce hagu."

"Ai ba yatsa ba ne. Ba ƙashi ba ne ma." Malam ya nuna da farce, fuskarsa cike da murna irin ta wanda bai san abin da ya faru kafin zuwansa ba. "Ka ga murɗewar nan? Hanji ne ya yi ta. Ga ƙayar kifi a ciki, abin da dabbar ta ci ke nan. Kashi ne. Na wani babban kifi ko kada, ya daskare ya zama dutse. Samun irinsa da wuya. Ni da na ga allonku a ƙofa har na ce ashe garin nan akwai masani."

Zaure ya yi tsit, har ana jin kare na gurgurar ƙafa a waje. Sarkin Pawa ya juya ya fuskanci bango. Dattawa bakwai kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Mai gari Atiku ya ɗaga gefen rawani ya goge baki, a hankali, kamar mai gyara gemu. Ga mutanen Kurgu, ga na Zagga, ga na ƙetare da za su kwana a wata ƙasa da labarin.

"Ɗanmusa," ya ce.

"Ranka shi daɗe."

"Malam baƙo ne, ya sha hanya, ya gaji. Kai ka ɗauko abin nan, kai ka san shi. Faɗa wa jama'a da bakinka, mi munka lasa?"

Ɗanmusa ya buɗe baki. Kalma guda ce tsakaninsa da zaure da kaki da gaisuwar kowace safiya, kalmar da ya shaƙe mutum biyu a kanta. In ya faɗe ta ya ci, kuma ya tabbatar a gaban ƙasa biyu cewa ya ba Mai gari da dattawansa abin nan sun lasa ranar mulkin kai. Ya dubi mabuɗi. Ya dubi dogarin da ke bayan Mai gari yana gyara riƙon bulala. Ya tuna a garin nan zai kwana.

"Dutse ne, ranka shi daɗe."

"Wane irin dutse?"

"Na banza. Irin na bakin hanya."

"Amma ranka ya daɗe," in ji Malam Bunyaminu, "a ilmance..."

Mai gari ya katse shi. "Malam, mai abu ya ce dutse ne. Ko akwai wanda ya ji wani ɗanɗano da ba na dutse ba?"

Dattawa suka ce sam. Sarkin Pawa ya ce shi dama bai ji komai ba.

"To ba a sami na gaskiya ko guda ba. Maliki, karɓi mabuɗi. Ka ɗora ruwa yanzu, ka sa citta da yawa."

Aka watse ana ƙunshe dariya a hannun riga. Goggo Batulu ta tafi da ƙahonta, ta bar wa Ɗanmusa magana a kan nononta da ba za ta rubutu ba. Shi kuwa ya zauna bisa kan dorina yana kallon Maliki na share zaure, dattawa sun yi layi da kofuna suna kurkure baki.

Malam Bunyaminu ya zo ya tsuguna kusa da shi, dutsen a naɗe cikin hankici.

"In ka yarda zan kai shi gidan tarihi. Za a sa shi cikin gilashi, a rubuta sunan wanda ya samo shi a jiki. Duk wanda ya shiga sai ya karanta, har jikokinka."

Ɗanmusa ya ɗago. Gilashi na gaske, da mutane masu takalma, hannu a baya.

"Mi za a rubuta?"

"Abin da yake. Kashin da, daga hannun wane, Tungar Ango."

"Ba ƙugiya?"

"Ba ƙugiya."

Ɗanmusa ya dubi zaure, inda hayaƙin shayi ya fara fita ta taga.

"Rubuta Maliki mai shayi," ya ce. "Ka ƙara da tsohon soja, kada a ɗauka wani Malikin ne."